Kilishin Kifi a Ɗakin Tururi

Tamimu ne ya fara ganin abin, kuma shi ya fara ihu. Dama haka Allah ya yi shi, idan dabara ta faɗo masa a rai sai duk unguwa ta ji kafin shi kansa ya gama tunaninta.

Da hantsi ne, a bayan wani gidan abinci da ke unguwar Gubaira a birnin Riyadh, inda yake aikin yankan nama. Maulud, direban da ke kawo musu kifi daga kasuwa, ya sauke wani ƙaton kifin tuna a kan teburin ƙarfe, ya tsaya yana share gumi. Tamimu ya tsaga kifin, sai ga tsoka ja wur, ba ƙaya ba kitse, kai ka ce cinyar sa ce. Ya fello 'yar siririya, ya ɗaga ta saitin taga, haske ya ratsa ta.

"La'ilaha illallahu! Maulud, wannan ai kilishi ne yake yawo a cikin ruwa!"

Maulud bai san kilishi ba. Shi mutumin Nzuwani ne, ɗaya daga tsibiran Komoro, can cikin tekun Indiya. Tamimu kuwa ɗan mahautan Damagaram ne, kuma ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne tafkin da ke cika a bayan gari da damina, shi ma kewaye shi yake yi. Abin da ya haɗa su ɗaki ɗaya na haya ne, da Faransancin firamare, da Larabcin titi, da 'yar Hausar da Maulud ya tsinta. In kalma ta ƙare musu sai su ƙarasa da hannu.

Labarin Maulud guda ɗaya ne tal, kuma Tamimu ya sha shi har ya haddace. Duk lokacin da suka zauna cin abinci sai ya ɗauko shi.

"Akhi, ɗan'uwana, a garinmu idan kifi ya zo, kwalekwale har nutsewa yake so ya yi. Wuta ba ta tsayawa, ƙanƙara ba ta kai azahar. Kafin la'asar uwata tana roƙon mutane su ɗauka ko nawa ne, abin da ya rage a haƙa rami a binne. Sai teku ta yi fushi, masunta su kasa fita, ka ga mutanen nan dai sun yi layi suna sayen kifin gwangwani da jirgi ya kawo daga wata ƙasa. Kifi a ƙofar gidanmu, muna cin na gwangwani! Wallahi abin nan yana hana ni sukuni."

Daga nan sai ya gangaro kan ƙanensa, wanda ya gama makaranta ba aiki, ya fara zancen shiga kwalekwale ya tsallaka wani tsibirin, alhali ba duk mai shiga ne ke isa ba. Maulud yana so ya koma gida da wata sana'a a hannu, wadda za ta ci kifin nan ta kuma riƙe yaron. Wace sana'a ce, bai sani ba. Shekaru yana zagaya tambayar nan kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

To yau ga Tamimu da amsa a bakin wuƙa.

Juma'ar makon suka haɗa kuɗi suka sayi rabin tuna, suka hau saman benen da suke haya. Tamimu ya zauna ya baje ƙafa kamar yadda ubansa ke yi, ya riƙa fella tsokar tana buɗewa kamar mayafi. Suka shimfiɗa a kan ragar waya. Ranar Riyadh ba ta san wasa ba, iskarta kuma ko ɗigon laima babu, riga ma in ka shanya kafin ka sauko ƙasa ta bushe. Kafin la'asar kifi ya yi ƙarau. Tamimu ya dama labu, wato kwaɓin tunkuza da citta da kanumfari da masoro da albasa, ya tsoma, ya sake shanyawa, washegari bayan tashi daga aiki ya ɗan gasa a garwashi. Ƙamshi ya gangara matakala, ya shiga ɗaki-ɗaki yana fito da mutane.

Wanda ya fara isowa Malam Isiyaku ne, dattijo ɗan Maraɗi mai aiki a gidan wanki da guga na ƙasan benen, mutumin da bai taɓa yabon komai ba sai da "amma" a ƙarshe. Ya gutsura, ya tauna, ya lumshe ido.

"Yaro, naman me ne wannan?"

"Kifi ne, Baba Isiyaku."

"Ƙarya kake."

"Wallahi kifi ne!"

Ya sake gutsura. Aka jira "amma" ɗin, ba ta zo ba. Tamimu ya yi tsalle har ya kusa kifar da ragar. Kafin magariba ɗaliban jami'a 'yan Kano da ke zuwa Gubaira cin tuwo sun ji labari, sun hauro, ɗayansu ma ya ce abin ya cancanci a yi masa bincike. Aka cinye tas. Ɗan abin da Tamimu ya ɓoye a leda ya yi makonni a kan taga, ko canja kamanni bai yi ba.

Tun daga ranar Tamimu ya daina tafiya, sai gudu. A wurin aiki yana yanka yana lissafa wa Maulud yadda za a yi: rumfa a bakin teku, ragogi jere, ƙanen Maulud a kan shanya, uwarsu a kan sayen kifi. A ɗaki ya hana kowa sakat. Har suna ya raɗa wa kamfanin da ba a haifa ba, ya canja, ya sake canjawa.

Maulud yana dariya, idonsa na ƙyalli, amma yana jan ƙafa. Iƙamarsa, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa, kuma ya ce ya zaɓa: ko a sabunta, ko a buga masa huruj niha'i, fita ta dindindin.

"Me kake jira?" in ji Tamimu. "Yalla, ka ce masa khalas, an gama!"

"Kai ba ka san tsibiri ba, Ɗan Damagaram. Garinmu kowa ɗan'uwan kowa ne. In na buɗe sana'a ta faɗi, mutumin da zai yi min dariya shi ne limaminmu, shi ne surukina, shi ne zai wanke gawata. Ba inda zan je. Duk hanyar da ka bi, ƙarshenta ruwa."

"Haba! Faɗuwar sana'a wani abu ne? Ni nan da kake gani sau nawa na faɗi?"

Gaskiya ya faɗa. Tamimu ya sayar da cajar waya a Agadas, ya yi shayi a Kano, ya yi ruwan sanyi a Maraɗi. Duk inda ta ɓaci sai ya tattara tabarmarsa ya nufi tasha, gari na gaba ba wanda ya san shi. Har wani alfahari yake da abin, yana cewa shi ba ya kwana da baƙin ciki, a mota yake barinsa. Bai ga bambancin wannan da halin Maulud ba, don haka ya ci gaba da zuga shi safe da yamma.

Rannan sai ga Maulud ya shigo kicin, bakinsa har kunne.

"Na faɗa wa kafil. An buga."

Suka rungume juna, Tamimu da wuƙa a hannu, har mai dafa shinkafa ya yi salati. Kuma ba kafil kaɗai Maulud ya faɗa wa ba, ya faɗa wa uwarsa, Inna Marwa. A Nzuwani kuwa wannan daidai yake da sanarwa a rediyo. Kafin mako ya zagayo kawunsa ya ba da fili a bakin teku, masunta sun fara aiko da gaisuwa, an yi addu'a a masallaci, ƙanensa ya daina zancen kwalekwale ya fara sare itacen rumfa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Inna Marwa ta kira ta bidiyo don ta ga mutumin da ya koya wa ɗanta dabara. Tamimu ya gyara hula, ya durƙusa a gaban wayar kamar tana tsakar ɗakin.

"Inna, ina wuninku? Mun same ku lafiya?"

Maulud yana fassarawa. Tsohuwa ce mai fara'a, tana zaune a bakin murhu tana girki, tana ta sa masa albarka. Ana jin ruwan sama yana dukan kwano. A bayanta an ja igiya a cikin ɗakin, zannuwa rataye. Tamimu yana murmushi yana amsa "amin", sai ya ga ta ɗauko kwalbar gishiri ta girgiza, gishirin ya ƙi fita. Ta sa cokali ta kwakulo shi, ya fito a dunƙule, jiƙe kamar kwaɓin fura.

Murmushin ya tsaya masa a fuska.

"Maulud, tambaye ta, zannuwan can yaushe aka shanya su?"

Maulud ya tambaya, ya juyo yana dariya. "Ta ce tun shekaranjiya. Haka garinmu yake, akhi. Ko ba ruwan sama, iskar kanta a jiƙe take. Takalmi in ka ajiye ƙarƙashin gado sai ya yi gashi."

Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin ban dariya, don shi direba ne, bai taɓa shanya abin da ya wuce rigarsa ba. Tamimu kuwa nan take ya gane. Shi da ya tashi a inda rana ke busar da komai kyauta, ya zo Riyadh ya tarar da wadda ta fi ta gida zafi, bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai ƙasar da iska ke jiƙa abu ba. Kilishi ai rabinsa wuƙa ne, rabinsa iska. Wuƙar ya koya wa Maulud. Iskar kuwa ta Riyadh ce, kuma ba ta shiga akwati.

Tamimu ya zabura. Ya sauka da gudu gidan wanki.

Can ciki akwai wani ɗan ɗaki inda injin guga ke fesa tururi wuni guda, bango na zufa, mutum na shiga rigarsa ta manne. Tamimu ya tsaya a tsakiya ya ja numfashi, ya ji iskar ta yi masa nauyi a ƙirji.

"Baba Isiyaku, ku ara min ƙusa guda a ɗakin nan."

"Ƙusa? Ta me?"

"Zan rataya kilishi."

"A cikin kayan mutane? Kana so Balarabe ya tafi ɗaurin aure yana warin kifi?"

"Don Allah, Baba. Nan ne kaɗai Nzuwani a duk faɗin Riyadh."

Dattijon ya kalle shi ya ga ba wasa a idonsa. Ya yi ta mita, amma ya nuna masa kusurwar da ta fi nisa da fararen riguna. Tamimu ya yi sabon kilishi, ya rataya rabi gasasshe, rabi kuma ɗanye da aka fella don ya ga ko zai bushe. Ɗanyen ko kwana bai yi ba ya fara wari, Malam Isiyaku ya fitar da shi da sanda yana tsine wa ranar da ya ba da ƙusa. Gasasshen ya yi laushi, ya lanƙwashe, bayan 'yan kwanaki fumfuna ta fito masa fari-fari, sannan kore.

Tamimu ya ɗauko shi a leda ya kai ɗaki, ya ajiye a gaban Maulud, wanda ke zaune yana ɗaure kwalin tsaraba. Ya yi masa bayani. Maulud ya daɗe yana kallon ledar.

"Ƙanena ya gama rumfa jiya," ya ce a hankali. "Sun turo hoto."

"Ka yafe min, akhi. Ban sani ba wallahi."

"Na san ba ka sani ba. Ni ma da na sani ban gane ba." Ya ɗago kai. "Amma kai in ta ɓaci, mota kake hawa. Ni wace mota zan hau?"

Tamimu ya miƙe. Ya sa takalmi ya fita. Kunya ce ta kore shi, kunya mai zafi irin wadda bai taɓa tsayawa ya ji ba.

Ƙafafunsa suka kai shi Batha, unguwar kasuwa, kuma ba sai an faɗa ba, wurin tsayawar motoci suka nufa. Kasuwa ta cika maƙil, 'yan Bangaladash da 'yan Sudan da Filifinawa kowa na kiran ciniki da harshensa. Ya tsaya yana kallon motoci, zuciyarsa na raya masa cewa gidan abincinsu yana da reshe a wani gari, in ya roƙi mudir, manajansu, zai iya mayar da shi can har Maulud ya tafi. Ba sai sun sake haɗa ido ba. Dabarar ta zo masa sumul, don tsohuwar hanya ce, ya san kowane lungu nata.

Yana nan tsaye sai wani Ba'indiye mai shagon lemo ya fito da kwando ya juye ɓawon kwakwa a buhun shara, dab da ƙafarsa. Tamimu ya kalli ɓawon. Irinsa ne Inna Marwa ke turawa a murhu ranar da suka yi magana. Sai hoton ɗakin ya dawo masa gaba ɗaya: zannuwa a jiƙe a igiya, gishiri a jiƙe a kwalba, amma can sama da murhu, inda rufin ya yi baƙi ƙirin, an rataye damin masara, kuma masarar nan a bushe take ƙayau.

"Sadik!" ya daka wa Ba'indiyen tsawa har mutumin ya razana. "Wannan buhun, kam? Nawa?"

Mutumin ya dube shi kamar mahaukaci, ya ce ya ɗauka, balash, kyauta. Tamimu ya saɓa buhun shara a kafaɗa ya ratsa Batha da gudu, yana ture mutane yana ba da haƙuri da harshe uku. Direban tasi na farko ya ƙi ɗaukarsa, na biyu ya sa shi buɗe taga.

Ya banko ƙofar ɗaki yana haki. "Kira Inna! Kira ta yanzu!"

Aka kira. Maulud ya fassara tambayar: masarar can ta sama, me ya hana ta fumfuna? Tsohuwa ta kalli sama, ta kalle su, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Ta ce," in ji Maulud, shi ma dariyar ta fara kama shi, "wai dama da rana kuke nufin shanya kifin? Ta ɗauka kuna da inji! Ta ce a nan abin da ake so ya bushe, hayaƙi ake ba wa. Rana baƙuwa ce, tana zuwa tana tafiya."

"Banda!" Tamimu ya buga cinya. "Banda ke nan, irin ta mutanen tafkin Chadi! A fella kamar kilishi, a busar kamar banda, labu ya zo daga baya. Inna, Allah ya ƙara muku lafiya! Allah ya kai ku Makka!"

"Ta ce amin, amma ka daina ihu, kana tsorata mata kaji."

Ba a tada hayaƙi a saman bene a Riyadh, sai dai in mutum yana marmarin ganin 'yan kwana-kwana. Don haka Juma'a da sassafe suka ɗora tsohuwar ganga a motar Maulud suka fita bayan gari, inda iyalai ke zuwa shan iska. Malam Isiyaku ya biyo su, wai don ya ga ƙarshen haukar da idonsa, amma shi ya zo da shayi. Suka huda gangar, suka jera raga hawa-hawa, suka tura ɓawon kwakwa a ƙasa. Na farko wuta ta yi yawa, ya ƙone ƙurmus. Na biyu ya dahu maimakon ya bushe. Tamimu ya rage wuta har ta koma hayaƙi zalla, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, suka zauna jira, ido na hawaye, kowa na ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Da la'asar aka buɗe. Kifi ya fito ja mai duhu, yana sheƙi, ƙamshinsa ya bambanta da na da, ya fi zurfi. Maulud ya gutsura, ya tauna, sai ya juya baya yana goge ido, ya ce hayaƙi ne.

Suka tsoma a labu, suka mayar ganga, sannan aka kai ɗakin tururi aka rataya a ƙusar nan.

Kwanakin da suka biyo baya Tamimu ya fi injin guga zama a gidan wanki. Da safe kafin aiki ya leƙa, da rana ya roƙi izni ya leƙa, da yamma ya zo ya tsaya yana shinshina. Lokacin da na farko ya yi fumfuna ya zo ya wuce, wannan shiru. Aka ƙara kwanaki, shiru. Tamimu ya fara rawa a tsakanin rigunan mutane.

Ana saura kaɗan Maulud ya tashi suka sauke don dubawa. Sirara duk lafiya lau, suna karyewa ƙas. Amma masu kauri biyu, a gefen da ya jingina da bango, sun fara ɗigo-ɗigon fari.



"To," in ji Malam Isiyaku, ga "amma" ɗin ta iso a makare. "Abu ya yi, amma bai gama yi ba. Kuma ku ji, ɗakina ba teku ba ne. Ni da magariba nake kashe inji. Can wa ke kashewa?"

Maulud ya juya yanki mai kaurin a hannunsa. "Waɗannan ni na fella su. Hannuna bai kai naka ba, akhi, kuma ba zai kai ba kafin jirgi." Ya yi ƙarfin hali ya yi murmushi. "Mafi mushkila, ba matsala. Zan gwada. In ta faɗi, ta faɗi a gida."

Tamimu ya karɓi yankin ya duba. Ya san abin da ya rage ba a koyar da shi ta waya. Sai mutum ya tsaya a cikin iskar, ya taɓa kifin da yatsa, ya ji ko yau hayaƙin wuni ɗaya zai isa ko sai an ƙara. Hutun da ake ba shi bayan kowace shekara biyu ya kusa, mudir ya riga ya sa hannu, kuma a Damagaram matarsa Sahadatou ta sa an yi wa ɗaki sabon shafe tun watan jiya.

Ya hau saman bene, inda ragar farko ke jingine har yanzu, ya kira ta. Suka gaisa, ta ba shi labarin yara da na akuyar da ta haihu. Ya yi ta kewaye-kewaye har ta gaji.

"Malam, faɗi abin da ke bakinka. Wace sana'ar ce kuma ta faɗi?"

"Ba ta faɗi ba. Tana tangaɗi dai." Ya kwashe labari duka ya faɗa mata, har da tsayuwarsa a Batha yana kallon motoci, don ita ba a ɓoye mata irin wannan, ta riga ta san shi. "Ni na zuga shi, Sahadatou. Ya bar aikinsa, garinsu duk sun ji. Ina so in bi shi in tsaya a kan gangar nan har ta daidaita. Amma hutun naki ne, ke kika jira shi."



"Kai da kake kewaye tafki," ta ce, "za ka shiga tsakiyar teku?"

"Jirgin sama ne zai kai ni."

"Garin nan, ka ce ruwa ta ko'ina?"

"Ta ko'ina."

"In abin ya ɓaci, ina za ka nufa?"

 "Babu. Sai dai in zauna a yi min dariya tare da shi."

Sai ya ji ta yi wata 'yar dariya, irin wadda kuka ke biye da ita a kusa.

"Na bi ka Agadas, na bi ka Kano, na bi ka Maraɗi. Duk inda na fara sanin maƙwabta sai ka ce in ɗaure kaya. Tun ina amarya nake roƙon Allah ya kai ka garin da ba shi da tasha." Ta ja hanci. "Je ka. Rabin hutun na ba ka, rabi nawa ne, kuma ko kwana ɗaya kada ka taɓa min. In ka zo, ka zo min da kilishin in gani da idona, wanda aka yi a can, ba na saman bene ba."

Tamimu ya tsaya da waya a kunne bayan ta kashe. Iskar Riyadh ta busar masa da fuska kafin ya kai hannu ya share.

Sannan ya tuna ko shi wane ne. Ya sauko matakala yana tsallake bibbiyu, yana kwala kira tun daga sama, har ƙofofi suka fara buɗewa.

"Maulud! Maulud! Kwance kwalin nan, a sa wuƙaƙena a ciki! Kuma ka faɗa wa Inna ta fara tara ɓawon kwakwa!"

Maulud ya leƙo, igiya a hannu, bai gane ba tukuna. Daga ƙasa Malam Isiyaku ya ɗaga murya yana tambaya ko yanzu zai iya cire ƙusarsa.